Mun Shagala Da Kiwon Raƙumi

A 1095 Imamu Gazali yana kan ganiyarsa a Bagadaza: shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya, ga ɗalibai, ga girma a fada. Sai ya tattara ya bar garin, don ya lura zuciyarsa ta fara karantarwa saboda suna. Daga baya ya rubuta Kimiyar Sa'ada da Farisanci, ya nuna cewa kowace gaɓa tana samun daɗinta ne a abin da aka halicce ta dominsa. Ido da gani, kunne da ji, ita kuwa zuciya sai da sanin Allah. Jiki a wurinsa raƙumin alhaji ne: a ba shi abinci da ruwa, amma wanda ya shagala da kiwonsa ayari zai tafi ya bar shi.

Mu kam kiwon ya ɗauke mana hankali. Ka leƙa gidan da aka kawo lefe. Ba mai tambayar halin yaron, balle sallarsa. Gwaggo ta buɗe akwati tana ƙirga turamen atamfa da leshi, wata na ɗauka a waya, kafin magariba unguwa ta san saiti nawa ne. Angon kuwa bashi ya kai masa wuya, wata uku bai cika ba an fara kai ƙara wurin waliyyi. Wannan ne muke kira "ta dace".

Kada a ce maganar mutanen Gabas ce. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya bar rundunar jihadi ya nufi Kano da niyyar wucewa Hijaz, saboda ya ga abokan tafiya sun koma neman dawakai, tufafi da sarauta. Da ya ga namu fa?

Musulunci bai hana neman halal ba, talauci kuma ba ado ba ne. Abin da ya ɓace mana shi ne wadatar zuci. Har a wasu majalisun wa'azi, mai ƙatuwar mota ake matsa wa gaba, ba a tambayar inda ya samo.

Iyaye, ku daina auna wa 'ya'yanku jin daɗi da mudun maƙwabta. Malamai kuma, a dawo da karatun gyaran zuciya cikin zaure, mu ma manyan muna bukata.