Wanda Ya Kai Uwarsa Gidan Tsofaffi, Ya Saɓa Mata?

Tun 2022, shekarar da Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi, nake aiki a wani gidan tsofaffi a arewacin Ingila. Duk sanda na kira gida, Inna sai ta ce, "Wai ke 'yar nan, mutanen nan ba su haihu ba ne?" Da farko ni ma hukuncina ke nan: wanda ya kai mahaifiyarsa irin gidan nan ya yar da ita.

Aikin ne ya sa na sassauta. Tsohon da ba ya iya motsi, juya shi muke yi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada fatar ƙugu da dunduniya ta mutu ta zama gyambo. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya, sai an kaurara masa ruwan sha, in ba haka ba ya sarƙe, ruwan ya faɗa huhu. Ranar da aka koya mini wannan, sai da na keɓe na yi kuka, domin na tuna kakata a Katsina. Gida cike da 'ya'ya da jikoki, kowa na rububin samun albarka, amma gyambon kwanciya ya cinye mata baya. Da ta fara kiran matattu da sunayensu, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ciwon mantuwa ne. Ƙauna ba mu rasa ba, sani muka rasa.

Sai dai aya ta 23 a Suratul Isra'i ba ta barina in sake. Tsufan da take magana a kai shi ne wanda ya riski iyaye suna wurinka, kuma ta hana ko nuna ƙosawa. To wanda ya biya kuɗi aka ɗauke masa wahalar da ke kawo ƙosawar, ya ci jarrabawar ne ko ya gudu daga ɗakin?

Ni ba malama ba ce, abin da idona ya gani nake faɗa. Wanka da juyi da magani ana wakilta su, kamar yadda ba wanda ke zargin ɗan da ya kai uwarsa asibiti. Zuwa ne ba a wakiltawa. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na ƙarshe da ɗanta ke zuwa kullum bayan ya tashi aiki, ya taje mata kai, alhali ta manta sunansa. Maƙwabciyarta kuwa sai katin Kirsimeti. Kuɗinsu ɗaya, kulawarmu ɗaya.

Ɗan da ke zuwa kullum bai saɓa wa uwarsa ba, ko a gaban wa zan faɗa. Kaina ne ban wanke ba: ina juya iyayen wasu da tsakar dare, Inna tana can da ciwon gwiwa, shekara uku rabona da ita.