Rijiyar da Babu Kowa a Bakinta

Da zarar ruwan farko ya sauka a Salaga, wajen watan Mayu, sai sana'ata ta yi barci. Ni mai rubuta allunan shaguna ne da bayan motoci, fenti kuwa ba ya shiri da danshi. Masu ba ni aikin ma duk sun zuba kuɗinsu a gonar doya, mata tun asuba sun shige daji tsintar kaɗanya. A wannan tsakanin ne nake ɗauko takarda da alƙalamin kara da tawadar da nake haɗawa da gawayi da ƙaro, in yi zanen da ba wanda ya sa ni.

Rijiyoyi nake zanawa, tunda da su aka san garinmu. Tun ina makarantar allo malaminmu ya ja mini kunne a kan zana abu mai rai, na kuwa riƙe. Ina zana dutse da guga da inuwar kuka, amma ban da mutum.

Bara war haka wata baƙuwa daga Amurka, cikin baƙaƙen fatar da ke zuwa neman tushen kakanninsu, ta ga zanena na Wankan Bayi, wato wurin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa tafinta ya tambaye ni, "Ina mutanen?" Na ce addinina ne ya hana. Ta gyaɗa kai, ta biya, ta tafi da shi. Na karɓi kuɗin kuwa, taki na saya da su, ba zan ɓoye ba.

Amsar da na ba ta gaskiya ce, amma ta hana ni barci. Ku dubi sunayen wuraren nan: Wankan Bayi, Rafin Angulu inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Ba Gonjanci ba ne, ba kuma yaren Asante ba. Harshenmu ne. Kakanninmu fatake sun taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su koma da goro, kuma kasuwar da ake cinikin goron ita ce ake cinikin mutane. A gidanmu labarin goro ake bayarwa, da na Alhaji Umaru, malamin nan mawaƙi da ya bar Salaga zuwa Kete Krachi bayan basasar 1892. Ɗayan labarin ba a taɓa hana mu tambaya ba, ba a dai taɓa fara shi ba ne. Sai na ga zanena ya gaji halin gidanmu. Na share bakin rijiya tsaf, na ƙawata shi, na kuma sami hujjar addini na jingina a kai. Shin tsoron Allah ne ya cire mutanen nan daga takardata, ko kuwa kunya ce ta ari rigar tsoron Allah?

Da aikin wani shago ya kai ni Yendi, na leƙa kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa. Akwai masu kiransa jarumi, alhali a Sandema har yau Bulsawa na bikin Feok duk Disamba don tuna ranar da suka kore shi. Na tsaya ina tunanin da ni aka ba aikin allon wurin, wace kalma zan fara rubutawa? Mai fenti yakan ce shi ɗan aike ne, abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Amma girman harafi da launinsa ai shi ke zaɓa.

Na kai wa wani aminina kukan, tela ne a Bawku, batakari yake ɗinkawa. A ƙarshen 2021 hukuma ta hana sa batakari a garin, don ana ɓoye makamai a ƙarƙashinta saboda rikicin sarautar Kusasi da Mamprusi, kasuwarsa ta mutu murus. Ya ce, "Malam, ni riga na ɗinka, ban ɗinka bindiga ba. Kai ma rijiya ka zana, ba kai ka sayar da kowa ba." Na so in yarda, don maganar da daɗi. Sai dai shi wani ne ya zo daga baya ya ɓoye abu a cikin aikinsa. Ni da hannuna na ɓoye, kuma ɓoyewar ce ta sa zanen ya yi kyan da aka saya.

Bana da ruwa ya sauka na je bakin rijiyar da sassafe, na tarar da taɓo cike da sawun matan da suka wuce daji. Na koma wurin malaminmu, ya tsufa ƙwarai yanzu, na ce, "Allah gafarta Malam, sawu yana da rai?" Ya yi shiru, sannan ya ce ba shi da shi, ya kuma tambaye ni sawun wa. Na faɗa masa. Bai ƙara cewa komai ba.

Shi nake zanawa yanzu, sawu babu takalmi, layi guda, daga rijiya zuwa hanyar kasuwa. Na manya ba su ba ni wahala ba. Na yara ne har yanzu hannuna ya kasa, takarda huɗu ke nan na ɓata.