Koyarwa sana'a ce ko sadaka ce?

Yau ga wata tambaya da muke so ku juya cikin zuciya, in kun taru wurin karatu kuma ku tattauna ta.

A garinku kowane mai sana'a an san haƙƙinsa. In maƙeri ya ƙera maka hauya, ka san abin da za ka ba shi. In wanzami ya yi wa gidanka aski da ƙaho shekara guda, da kaka akwai daminsa. Ungozoma tana da rabonta ranar suna. Mai ginar rijiya ba ya shiga rami sai an gama ciniki. To, wanda ya koya maka haɗa baƙaƙen nan da kake karantawa yanzu fa, mine ne haƙƙinsa? Mushen da ke tsaye gaban yaranku a lakwal tun safe fa? Malamin allo fa? Aikinsu sana'a ce kamar ƙira da saƙa, ko kuwa taimako ne don Allah, wanda ake biya da "sannu da ƙoƙari"?

Girma a baki

In ka tambayi dattawan gari, kowa zai ce malami uba ne. Ana gaishe shi da ladabi. Ana shimfiɗa masa tabarma wurin suna. In takarda ta zo daga gwamnati, shi ake nema ya karanta.

Amma ka saurari wata magana da ake yi in ba ya nan. In yaro ya gama karatu ya shiga kwastan, sai a ce ya samu aiki. In ya zama malamin lakwal, sai a ce: "Allah ya kawo masa wani." In malami da ɗan kasuwa sun nemi yarinya guda, kai ma ka san wanda iyaye suka fi karkata gare shi. Wannan maganar ta biyu ita ce ke nuna abin da ke cikin zukatanmu. Muna girmama malami da baki, amma aikinsa mun ɗauke shi abin da ake yi kafin a samu abin yi.

Mi ke sa aiki ya zama sana'a?

Abu ukku ne. Na ɗaya, sai an koye shi. Na biyu, jama'a suna da bukatarsa. Na ukku, mai yinsa yana ci da shi, yana ciyar da iyalinsa.

Mu fara da na ɗaya. Mutane da yawa suna tsammani duk wanda ya iya karatu ya iya koyarwa. Ka gwada ka gani. Yau kai ka iya karatu. Ka zaunar da ƙanenka, ka ce za ka nuna masa bambancin b da d, da na k da ƙ. Kafin a yi nisa za ka ji ranka ya ɓaci. Za ka ce kansa ne ba ya ja. Alhali kuwa kai ne ba ka san hanyar ba.

Ka tuna malamin da ya koya maka. Ya san hannun da ya saba da ƙotar hauya yana da tauri, sai ya fara sa ka jan layi da zagaye kafin ka rubuta baƙi. Ya fara da kalmomin da ka sani, kamar gero da rijiya da kasuwa. Ya san in ya kunyata magidanci gaban samari, gobe ba zai dawo ba, sai ya gyara masa kuskure a hankali. Cikin mutum talatin, yana gane wanda ya fahimta da wanda ke gyaɗa kai kawai. Duk wannan gwaninta ce, kuma koyonta ake yi. Shi ya sa aka gina makarantun horon malamai a Damagaram da Tawa da Maraɗi da Doso. Mai ƙarfe a ɗaki bai zama maƙeri ba sai ya zauna bakin wuta ya koyi bugu. Haka mai ilimi bai zama malami ba sai ya koyi yadda ake sa shi cikin kan wani.

Na biyu, bukata. Tun da aka fara yaƙi da jahilci a Nijar cikin 1963, manoma sun ga amfaninsa da idonsu. Wanda ya iya lissafi yana karanta sikeli da kansa in ya kai amfanin gonarsa awo. Yana karanta abin da aka rubuta a takardar bashi kafin ya sa hannu. Mace tana gane awon maganin da likita ya ba ɗanta. Babu likita ko alƙali ko malamin gona da bai bi ta hannun malami ba.

Saura na ukku, kuma a nan ne gardama take.

Don mi muke jin nauyin biyan malami?

Dalili na farko shi ne aikinsa ba ya nuna da wuri. Hauyar maƙeri, damana guda ta isa ka san ko ta ƙwarai ce. Wanzami kana tashi ka shafa kanka ka ji. Amma aikin malami kamar ɗan gawo ne da manomi ya bari cikin gona. Bana ba ka ga komai. Baɗi ma haka. Sai bayan shekaru za ka ga hatsin gindinsa ya fi na ko'ina, dabbobi kuma suna cin ƴaƴansa da rani. A lokacin an manta wanda ya kewaye shi da ƙaya yana ƙarami. Yaron da aka koya wa baƙi yau, sai bayan shekara goma ko goma sha biyar za a ci amfaninsa. Kafin nan an canza wa malamin gari, wataƙila ma ba mai tuna sunansa. Ɓarnar mugun malami ita ma haka take, ba ta fitowa sai lokacin gyara ya wuce.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma mutanen kirki ne ke kawo shi. Suna cewa ilimi na Allah ne, ba a sayar da shi, ladan malami yana lahira. Wannan magana akwai gaskiya cikinta. Amma ka duba: ruwa ma na Allah ne. Duk da haka kana biyan mai ginar rijiya, a birni kuma ana biyan ɗan ga-ruwa. Wahalarsu ake biya, da lokacin da suka bar nasu aiki suka yi naka. Malamin da ya wuni cikin aji bai je gona ba, bai je kasuwa ba, kuma da dare iyalinsa za su nemi tuwo.

Magabata sun san da haka. Bayan yaƙin Badar, an ɗora wa kamammun Makka fansa, ta wasu har ta kai dirhami 4000. Waɗanda ba su da kuɗɗi amma sun iya rubutu, aka ce kowanensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu, shi ne fansarsa. Ka ga an auna koyarwa da dukiya mai yawa, har da ƴancin mutum. A ƙasar Hausa ma akwai kuɗɗin Laraba da yara ke kai wa malamin allo, akwai noman gonar malam, akwai abin da ake ba shi ranar sauka. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, da ta zaɓi matan da za su riƙa koyar da mata ƴan'uwansu a ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta aza mata malfa. Malfar nan shaida ce: duk wanda ya ga matar ya san tana riƙe da muƙami.

Saboda haka lada da albashi ba kishiyoyi ba ne. Manomin da ya ciyar da jama'a yana samun lada, kuma ba wanda ya ce ya ba da hatsinsa kyauta. In muka ce wa malami ladansa na lahira, alhali mu muna karɓar namu tun nan duniya, mu binciki zukatanmu. Tsoron Allah ne ya sa mu faɗi haka, ko ƙyashin buɗe bakin rumbu?

Abin da ya faru a ƙasarmu

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai cikin 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malamai kaɗan ne, kuma darajarsu babba ce. Shugaban ƙasa na farko, Jori Hamani, malamin makaranta ne. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, shi ma da alli ya fara, tun 1929. Jibo Bakari ma haka. Dukansu ukku sun yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal. A zamanin nan, in an ce wane mushe ne, an gama yabonsa.

Daga baya yara suka yi yawa, aka bubbuɗe makarantu har ƙauyuka, kuɗɗin gwamnati kuwa suka kasa. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada. Daga 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantaragi. Abin da ake ba su bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, da yawansu kuma an tura su aji ba tare da isasshen horo ba. Cikin shekarun 2010 su ne mafi yawan malaman firamare. Sau da yawa kuɗɗinsu na makara, a shiga yajin aiki, yara su zauna gida. Cikin 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawa, aka tarar kusan ɗaya cikin ukku ne kawai ya kai rabin maki.

Da aka ji haka, mutane da yawa sun zagi malamai. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. In aka mai da sana'a wurin fakewa, gwanaye za su bar ta, masu fakewa su cika ta, ruwa na ɗaukewa kuma su tafi. Dabarar ta sa yara da yawa sun samu shiga aji, wannan gaskiya ne. Sai dai zama cikin aji daban, iya karatu daban. Wa ya yi asara? Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗɗi a Yamai ko Maraɗi. Ɗan manomi ne ke shekara shida a lakwal ya fito bai iya karanta wasiƙa ba.

Wannan damuwa ba ta Nijar kaɗai ba ce. Tun 1966 ƙasashen duniya suka taru a birnin Paris suka amince a ɗauki koyarwa sana'a ta masu horo, mai haƙƙi da nauyi. Don tunawa da haka ne, tun 1994, ake bikin ranar malamai kowace 5 ga Oktoba.

Nauyin da ke kan malami

In mun yarda sana'a ce, to maganar tana da baki biyu. Mai sadaka ba a tuhumarsa, abin da ya bayar shi ke nan. Mai sana'a kuwa ana duba aikinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Malamin da ke tafiya birni ran Alhamis ya dawo ran Talata ya ci amanar yara. Wanda ke tura su ɗebo masa itace da ruwa lokacin karatu ya ci amana. Wanda ya sa ido kan ɗalibarsa ya ɓata sunan sana'ar duka. Wanda ya daina koyo tun ranar da ya karɓi takardar shaida, ilimin nasa zai yi tsatsa kamar laujen da aka manta a bayan rumbu. Iyaye suna da ikon tambayar malami: watan nan mi yaranmu suka koya? Malamin ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya, don gwani yana son a duba aikinsa.

Amma ka lura, bakin da ya biya shi ke iya tambaya. Garin da ya bar malami ba ɗaki, ba ruwa, ba gaisuwa, da wane ido zai tuhume shi in ya gudu?

Abin da ke hannunku

Albashi na gwamnati ne, amma da sauran abubuwa da yawa da ke hannun gari. In an turo muku malami, ku ba shi ɗaki na mutunci, kamar yadda za ku so a ba ɗanku in ya je baƙunta. In ajinku na kara ne, ku yi gayya ku kafa runfar da wuri, kada a kai tsakiyar ɗari yara na jira. Kada ku cire yaro daga aji don kiwo, ko yarinya don talla, sa'an nan ku ce malam bai iya ba. In kuɗɗinsa sun makara, mudu ɗaya daga kowane gida ya isa ya riƙe shi. Kwamitin iyaye ya riƙa zama da shi, ya ji kukansa, ya kuma faɗa masa na gari. Malamin allo da malamin yaƙi da jahilci, su ma ku yanka musu abu sananne, a kan lokaci sananne, yadda ake yi wa wanzami. Kuma ku kula da abin da kuke faɗa kan malami gaban yara, don yaro ba ya koyo wurin wanda ubansa ya rena.

Ga kuma tambayar da za ka amsa kai kaɗai. In ɗanka ko ɗiyarka, wanda ya fi kowa ƙoƙari a gidan, ya zo ya ce maka malanta yake so, mi za ka ce masa? In za ka hana shi, ka sani maƙwabcinka ma zai hana nasa. To, jikokinku wa zai koya musu?

Ku tattauna wannan a wurin karatu, ku sa malaminku ma ya faɗi nasa. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damana mai albarka.