Addu'a da Curin Ɓaure

Karatun Yau: 2 Sarakuna 20:1-7

Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa. Ya roƙi Ubangiji da hawaye, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Amma ka lura da aya ta 7. Bayan alkawarin warkarwa, Annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki. Allahn da ya amsa addu'ar bai hana magani ba.

Hezekiya yana ganin marurunsa da ido. Hawan jini kuwa ba ya nuna kansa. Mutum zai yi noma, ya yi rawa a sujada, ko ciwon kai babu, alhali cutar tana cin zuciya da ƙoda da idanu. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, sai a ce jifa ne. Awo kaɗai ke tona asirinsa.

Na'urar awo tana ba da lamba biyu. Ta sama ƙarfin jini ne sa'ad da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma sa'ad da ta huta. Wajen 120/80 lafiya ce. Idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu dabam, hawan jini ne.

Kada a auna ka da saukarka daga babur, ko kana haki daga gona. Ka yi fitsari tukuna, ka zauna minti 5, ka jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ka yi shiru. Ka bar goro da shayi minti 30 kafin awo, domin suna ɗaga lambar. Fushi da fargaba ma haka.

Gado da shekaru ba a hannunka suke ba, amma tukunya tana hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi da yajin tsire duk gishiri ne. Ƙiba da rashin motsa jiki su ma suna ƙara shi.

Idan likita ya ɗora ka a kan magani, kada ka zubar da shi don an ɗora maka hannu ranar Lahadi. Yesu yana warkarwa har yau, haleluya! Warkarwarsa ba ta tsoron na'ura. Ka ci gaba da sha, ka koma awo, likita ya tabbatar da shaidarka.

Abin Yi: Daga Turawa zuwa babban asibitin Karaye ba nisa, na Rogo ma yana nan. Ka je awo makon nan, ka tafi da dattijo ɗaya daga ikilisiya. 'Yar'uwa mai juna biyu, kada ki tsallake ranar awo.

Addu'a: Ya Uba, jikina haikalinka ne. Ka ba ni hikimar kula da shi, ka tsawaita kwanakina domin hidimarka, cikin sunan Yesu. Amin.