Ladan Kuturu: Mu da Gadon Rumawa

Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To mu marubuta mun ci ladan Rumawa. Baƙaƙen bokon nan da muke rubutu da su nasu ne, Turawa dai suka kawo mana. Watan Yuli da na Agusta kuwa sunayen shugabanninsu ne, Juliyas Kaisar da Agustas. Abin tambaya shi ne, wane irin aski ya wajaba mu yi masu? Shin amfanin da muka ci ya ɗaure mana baki daga faɗar ɓarnarsu?

Mu dubi Kartaj, birnin da kufansa ke gefen Tunis. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan yaƙin shekara uku, rundunar Sipiyo ta ci birnin, ta ƙone shi, aka sayar da waɗanda suka tsira a matsayin bayi. Zancen wai an barbaɗa wa ƙasar gishiri ƙari ne na mutanen baya, ba ya cikin littattafan dauri. Ɓarnar ma ba ta bukatar ƙari. Abin da ya fi shafar mu shi ne makomar littattafan birnin. Filini Babba ya ce majalisar Rum ta rabar da su ga sarakunan Afirka. Aiki guda ta ware, wato juzu'i 28 da Mago ya rubuta kan noma, ta sa aka fassara shi zuwa Latin. A ganinmu ba ƙaunar ilmi ce ta jawo wannan zaɓi ba. Masu manyan gonaki ne suka ga abin da zai ƙara masu amfanin gona.

Sakamakon haka, Hanibal, jarumin da ya ƙetare duwatsun Alfas da giwaye a shekara ta 218, ta bakin abokan gabansa muka san shi: Libi Barume ne, Folibiyas kuma Bagirke ne aminin Sipiyo, yana ma tsaye a wurin lokacin da birnin ke ci da wuta. Ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda, amma mu haka muke karanta wannan tarihi.

Wani zai ce to mu yar da gadon mana. Wannan ba mafita ba ce, domin da baƙaƙensu ne muke rubuta wannan ƙorafi, kuma harafi bai san wanda ya ƙone gari ba. Mun ma yi masa lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, har ya iya furta abin da Barume bai taɓa furtawa ba. Bashin da ke kanmu na gaskiya ne, ba na yabo ba: idan muka ambaci hanyoyinsu da dokokinsu, mu ambaci wanda aka rufe wa baki.

Sai dai lissafin bai fita sarai ba. Terens ɗan Kartaj ne da aka kai Rum yana bawa, aka 'yanta shi, ya rubuta wasannin kwaikwayo 6 da Latin, kuma dukkansu suna nan har yau. Mago da ya rubuta da harshen gida, asalin littafinsa ya ɓata, fassarar ma ta bi shi, sai guntayen da Baro da Kolumela da Filini suka tsakuro.