Idan Na'ura Ta Ba da Shawara, Alhaki Yana Wuyan Wa?

Mace ta je asibiti an ɗauki hoton mamanta domin a duba ko akwai alamar sankara. Kafin likita ya ɗora idonsa a kan hoton, kwamfuta ta riga ta duba shi, ta sa alama a wani ɗan wuri da bai kai girman ƙwayar wake ba. Likita ya duba, shi bai ga abin tsoro a wurin ba. To, yanzu maganar wa za a bi? In ya bi na'ura, aka tsaga jikin matar aka tarar babu kome, wa ya jawo mata wahala? In kuwa ya bi idonsa ya sallame ta, bayan shekara ɗaya ta komo ciwo ya yi nisa, wa za a tambaya? Wannan tambaya tana gaban likitoci yau a ƙasashe da yawa, ta kuwa cancanci mutum ya zauna ya yi tunani a kanta, gama rai ne a ciki.

Ciwon daji ba ƙaramin abu ba ne. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2022 mutum wajen miliyan 20 suka kamu da shi, wajen miliyan 9.7 kuma suka mutu. Da yawa daga cikin irin wannan ciwo ana iya warkar da su in an gane su da wuri. Saboda haka duk abin da zai ƙara wa likita kaifin ido, ba abin rainawa ba ne. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira kuwa, ga yadda yake aiki: ana nuna wa kwamfuta dubban hotuna waɗanda an riga an san wanne ne mai ciwo, wanne ne lafiyayye. Tana ta gwadawa ana gyara mata, har ta iya rarrabe su. Ba ta san mece ce sankara ba, ba ta san zafi ba. Kama take nema tsakanin sabon hoto da tsofaffin da aka koya mata.

Cewa tana da amfani, an gwada an gani. A ƙasar Suwidin an yi wani babban gwaji da mata wajen 80,000, aka buga sakamakonsa na fari a shekara ta 2023. An raba matan kashi biyu. Hotunan kashi ɗaya likitoci biyu suka karanta kowanne, kamar yadda aka saba. Na ɗaya kashin kuwa kwamfuta ta fara dubawa, ta ware waɗanda take shakka a kansu, sa'an nan likitoci suka karanta da taimakonta. A wajen da aka yi aiki da kwamfuta an gano sankara a jikin mata 244, a ɗaya wajen 203. Aikin karatun hoto kuma ya ragu wa likitoci da kashi 44 cikin 100, ba a kuwa ƙara yawan matan da aka tsorata a banza ba. Duk wanda ya ce na'ura ba ta da wuri a asibiti, sai ya fara amsa wa waɗannan mata da aka gano ciwonsu tun yana ƙarami.

Amma akwai wani labari kuma da ya kamata a ajiye kusa da wannan. A shekara ta 2011 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta ka da gwanaye biyu a wata gasar kacici-kacici ta talabijin a Amurka. Duniya ta yi mamaki, aka ce mai wannan kai ai zai iya taimakon likitocin ciwon daji. A 2012 kamfanin ya haɗa hannu da asibitin Memorial Sloan Kettering domin likitocinsa su koya mata zaɓen magani. Daga baya aka kai ta asibitoci a Indiya da Koriya ta Kudu da Tailan. A jihar Teksas, asibitin MD Anderson ya fara nasa aikin da ita a 2013. Binciken kuɗi da ya fito a 2017 ya nuna an kashe dala miliyan 62, aka kuwa ajiye aikin bai kai ga cika ba. A 2018 wata jaridar harkokin lafiya mai suna STAT ta ba da labarin takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa Watson ta ba da waɗansu shawarwari marasa daidai, masu hatsari kuma. Ɗaya daga cikin dalilan da takardun suka kawo shi ne, an koya mata da misalai kaɗan na marasa lafiya waɗanda aka tsara a takarda, maimakon tarihin mutane na gaske. Likitocin waɗansu ƙasashe kuma suka lura cewa shawararta ta fi bin hanyar jinyar Amurka. A 2022 IBM ya sayar da babban ɓangaren wannan sashe nasa na lafiya.

Idan aka haɗa labaran nan biyu, abu ɗaya ya fito fili. A Suwidin an ba na'ura ƙaramin aiki mai iyaka, aka gwada ta a fili, likita kuma yana nan a kan hoton. A labarin Watson an ɗora mata babban buri, talla kuma ta riga gwaji. A duka biyun mutane ne suka zaɓi abin da za a koya mata, mutane suka yanke shawarar lokacin da za a sake ta cikin asibiti. Mai zagin na'ura sa'ad da ta yi kuskure, ya bar jaki yana dukan taiki.

To, mene ne alhaki? Mai alhaki shi ne wanda za a iya kira a tsayar da shi a ce, don me ka yi haka? Yana iya ba da dalili, yana iya jin kunya, yana iya neman gafara, yana iya biyan diyya, dare kuma yana iya hana shi barci. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu wanda kwamfuta take iyawa. In ta yi daidai ba ta murna, in ta kuskure ba ta nadama. Saboda haka ba shi yiwuwa a ɗora mata alhaki, kamar yadda ba a ɗora wa askar wanzami. Alhaki yana komawa kan mutane uku. Na fari, wanda ya ƙera ta: wajibi ne ya faɗi gaskiya a kan irin mutanen da aka koya mata da hotunansu, da inda ƙarfinta ya tsaya. Na biyu, shugabannin asibitin da suka saye ta: wajibi ne su gwada ta a kan irin marasa lafiyar da ke zuwa wurinsu kafin su dogara gare ta. Na uku, likitan da ke zaune gaban mai ciwo. Shi ne aka kawo wa kuka, shi ya karɓi amana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin jagorar da ta fitar a 2021 a kan wannan al'amari, ta sa cikin ƙa'idodinta guda shida cewa hukuncin jinya ya zauna a hannun mutane, a kuma san wanda zai amsa in an yi ɓarna.

Wani zai ce, in an tabbata na'ura ta fi likita gani, don me za a bar masa kalmar ƙarshe? Ashe, ba girman kai ne kawai ba? Wannan magana tana da ƙarfi, ba a kuwa kawar da ita da hannu ɗaya. Lalle likitan da ya ƙi duba inda kwamfuta ta nuna, domin kada a ce ƙarfe ya koya masa aiki, ya ɗauki alhakin ran da ya salwanta ta wurin taurin kansa. Amma tambayoyi biyu ne a ɗakin likita, ba ɗaya ba. Ta fari ita ce, mene ne ke cikin hoton nan? A wannan na'ura tana iya yin fice. Ta biyu ita ce, me ya kamata a yi wa wannan mutum? Tsoho mai shekara 80 yana iya gwammace ya ƙarasa kwanakinsa a gida cikin jikokinsa da ya sha wahalar magani mai ƙarfi domin ƙarin wata uku. Uwa mai goyo tana iya yarda da kowace irin wahala domin ta ga ɗanta ya yi wayo. Wani kuma sai an sayar da gonar gado kafin a biya kuɗin jinyarsa, yana ta auna ransa da abincin 'ya'yansa. Babu hoton da ke nuna waɗannan. Sai an zauna, an tambaya, an saurara. Mai ciwon kansa yana da bakin magana, yana kuma da hakki a gaya masa in an yi aiki da na'ura wajen duba shi.

Hatsarin da ya fi girma ba ya zuwa da hayaniya. Likita mai layin mutum ɗari a ƙofarsa, ga gajiya, ga na'ura tana yin daidai yau da gobe, a hankali sai ya daina dubawa da kansa, ya koma mai sa hannu kawai. Ranar da ta kuskure, ba mai kamawa. In an tambaye shi, sai ya ce kwamfuta ce ta faɗa. Kamfani ya ce ai shawara kawai ta bayar, hukunci na likita ne. Asibiti ya ce ya sayi abin da hukuma ta yarda da shi. Kowa ya wanke hannunsa, mai ciwo kuwa yana kabari. Wannan jaraba ta fi ƙarfi a ƙasashen da likitocin ciwon daji suke kaɗan, gama a nan ne aka fi bukatar taimakon na'ura, a nan kuma aka fi rasa mai duba aikinta. Ga shi kuma yawancin hotunan da ake koyar da waɗannan na'urori daga ƙasashe masu arziki suke fitowa. Wadda ta koyi ciwon fata a jikin fararen mutane ba lalle ta gane shi a baƙar fata ba.

Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a karɓi na'ura kamar yadda ake karɓar fitila a ɗaki mai duhu: a yi godiya domin hasken, a kuma buɗe ido a duba. A komo ga matar nan ta farko. Likita nagari zai sake duba wurin da aka sa alama, ya gwada da tsohon hotonta in akwai, ya nemi ra'ayin abokin aikinsa in ya samu. Sa'an nan ya kira ta ya zaunar da ita, ya ce mata, "Baiwar Allah, na'ura ta ga wani abu a nan, ni kuwa ina shakka. Ga abin da zai faru in mun ɗebi ɗan nama mun auna, ga kuma abin da zai iya faruwa in mun jira." Abin da suka shirya tare, shi zai rubuta, ya sa sunansa a ƙarƙashi. In ya zama daidai, madalla. In kuwa ya zama kuskure, matar da danginta sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, akwai kuma mutum a ciki da zai fito ya amsa musu.