Tsakanin Kallo da Gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ne ya ɗebe mu, mu huɗu, daga Fatakwal zuwa Yusufari ta Jihar Yobe a hunturun shekarar 2022, domin mu ga tuddan rairayin Tulo-Tulowa waɗanda hotunansu suka cika wayoyin jama'a. Dukkanmu 'ya'yan fatake ne da aka haifa a kurmi: biyu a Fatakwal, ɗaya a Anacha, ɗaya kuma a Inugu. Arewa mun san ta da zuwan biki da gaisuwar rasuwa, amma hamada sai a labari. Abin da wannan maƙala za ta tattauna shi ne wata tambaya da na dawo da ita daga can, wadda har yau ba ta bar ni na huta ba: shin ya dace mutum ya ji daɗin kallon abin da yake masifa ne ga ɗan'uwansa?

Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Mun bi ta Aba muka kwana a Ama Hausa ta Inugu, muka haye Binuwai a Makurɗi, muka ratsa Lafiya da Jos da Bauchi, sa'annan muka yada zango a Potiskum, garin da kasuwarsa ta shanu ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Duk wanda ya bi wannan hanya da idonsa a buɗe zai ga ƙasa tana tuɓe tufafinta ɗaya bayan ɗaya. Kwakwar manja ta ba ɗorawa da kaɗanya wuri, su kuma suka bar wa kuka da ƙaya, har muka wuce Gashuwa inda goruba ta zama sarauniyar itatuwa. Mun baro garin da ruwan samansa ke haura milimita 2,000 a shekara, muka iso inda ba kasafai yake kai 500 ba.

A Yusufari muka ajiye motarmu muka ɗauki hayar wadda ta saba da yashi. Direban ya rage iskar tayoyi, ya kutsa da mu inda babu hanya sai wadda ke cikin kansa. Da la'asar sakaliya muka iso. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Tudu na bin tudu, iska ta zane su kamar an yi da tsintsiya, rana ta rine su launin zuma, ga kwari a ƙasa da dabino da goruba da ruwa kwance. Muka tuɓe takalma, muka hau muna gangarowa, muna ihu kamar yara ranar hawan salla.

Ina cikin ɗaukar hoto ne na lura da wata katanga da rairayi ya haɗiye, saura kanta kawai a waje. Sai na gyara tsayuwata don kada ta fito ta ɓata mini hoton. A daidai nan wani dattijo ya iso da jakinsa. Muka yi masa sallama, ya amsa da Hausarsa mai karin Mangawa.

"Baba, lallai Allah Ya ba ku wuri mai kyau," in ji ɗayanmu.

Ya yi murmushi ya ce, "Haka baƙi ke cewa, 'ya'yana. Inda kuke tsaye ɗin nan gonar mahaifina ce. Waccan katangar kuwa a bayanta aka haife ni."

Bai yi fushi ba, bai kuma roƙe mu komai ba. Ya kora jakinsa ya wuce, ya bar mu da wayoyi a hannu.

Daren nan gardama ta kaure tsakaninmu. Abokina na Anacha ya tsaya a kan cewa ba mu da laifi. Ba mu muka kawo rairayin ba, kuma ko mun rufe idonmu gonar ba za ta dawo ba. Kyan halitta aya ce, wanda ya gan ta bai yi mamaki ba shi ne ya yi butulci. Bugu da ƙari, zuwanmu ya sa direba ya sami kuɗin haya, mai shayi ya yi ciniki. Na Inugu kuwa ya ce abin da muka yi bai da maraba da shiga gidan makoki da kalangu.

Na daɗe ina auna maganganun nan biyu, kuma na ga kowace da gaskiyarta. Haƙiƙa jin daɗin abu mai kyau ba zaɓi ba ne. Ido ba ya neman izini kafin ya ƙayatu. Shi kansa dattijon, ina kyautata zaton akwai yammacin da yakan dubi tuddan nan ya yi tasbihi. Saboda haka aibin ba a jin daɗin yake ba. Aibin yana cikin takun nan guda da na yi don in fitar da katanga daga hotona. A wannan lokacin na san akwai mutum a wurin, na kuma zaɓi in share shi domin kyan ya zama nawa ni kaɗai. A nan ne bambancin kallo da gani yake. Mai kallo yana ɗaukar abin da ya burge shi ya bar saura, shi kuwa mai gani yana karɓar wuri tare da mutanensa da abin da ya same su.

Ya kamata a ce mu ne farkon masu fahimtar wannan. Sau nawa 'yan'uwa suka zo mana daga Arewa, dare ya yi suka hangi harshen wutar iskar gas ya haske sararin sama, suka ce abin gwanin sha'awa? Mu da muke zaune mun san wutar nan da wata fuska. Mun ga yadda daga 2016 baƙar kunkunniya ta riƙa sauka a Fatakwal, a kan shanya da abinci da hancin yara. Mun san rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 da ya ce gyaran ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30. Jiki magayi, amma da muka zama baƙi a ƙasar wani sai muka manta.

Sa'annan maganar cewa ba mu da hannu tana buƙatar a sake duba ta. Masana sun nuna cewa tuddan ƙasar Manga tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa ne suka ɗaure su tsawon zamani. Farin shekarun 1970 da na 1980, tare da saran itace da yawan kiwo, su suka kwance su, iskar hunturu ta sa su tafiya. To, shanun da ake yankawa a Fatakwal kullum, a ina suka yi kiwo? Kanwar da ake sayarwa a kasuwar Anacha, wadda Inyamurai ke kira akanwu, daga irin waɗannan kwaruruka na Manga da Tafkin Chadi ake haƙo ta. Da ribar wannan fatauci aka biya mana kuɗin makaranta. Matasan da gona ta ƙi su kuwa, su ne muke gani suna sauka daga tirela a zangonninmu, suna turin baro da yankan farce. Ashe hamada ta daɗe da zuwa Fatakwal, mu ne ba mu gane ta ba saboda ta zo da ƙafa biyu.

Ba ina kira da a daina zuwa ba ne. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wurin da ba a zuwa saurin manta shi ake yi. Abin da nake cewa shi ne kallo yana da haƙƙi. Na farko, a shiga da sallama, a tambayi masu wuri abin da ke ƙarƙashin yashin kafin a taka shi. Na biyu, in an dawo a ba da labari cikakke, da tudun da katangar. Na uku, a bar wani abu a baya. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa hukumar aikin a 2015, Yobe na cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma bishiya ba ta rayuwa da takardar gwamnati, sai da mai ba ta ruwa. Ƙungiyoyin fatakenmu na kurmi da ke iya haɗa kuɗin gina masallaci da kai gawa gida, ba za su gaza ɗaukar nauyin rijiya da gandun dashe a ƙauye guda ba.

Washegari kafin mu juyo na koma wurin ni kaɗai. Na tsaya inda na tsaya jiya, na mayar da takun da na yi, na sake ɗaukar hoton da katangar a ciki. Bai kai na farko kyau ba. Shi ne dai nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni yadda hamada take.